IGIYA MAI ƘWARI: YADDA AKE GANE TA A KASUWA DA A RUGA

Jawabi ga makiyaya da fataken shanu a Malanbil



Iyayenmu ardo da rugga da garso, shugabannin kasuwar dabbobi, dillalai da fatake, masu motocin dakon shanu, malaman dabbobi, da samarin da ke bin shanu a daji, muna gaishe ku baki ɗaya. Waɗanda suka taso daga Karimama da Gene da Kandi, da 'yan'uwanmu na Gaya da na Kamba, sannunku da hanya.

An ba mu lokaci mu yi magana a kan igiya. Mun san akwai wanda zai ce a ransa, ga maganar burtali, ga ta mashaya, ga ta haraji, a rasa abin da za a tara dattawa a kai sai igiya? To, a yi haƙuri a saurare mu. Babu wanda ke zaune a nan da bai taɓa ji ko gani ba, sa ya tsinke cikin dare ya faɗa shinkafar mutane, ko saniya ta karye a wurin lodi, ko guga ya tafi ƙasan rijiya garke na tsaye da ƙishirwa. A ce igiyar da aka saya jaka ɗaya ko biyu ita ce ke riƙe da bijimin da kuɗinsa ya haura jaka ɗari uku. In ta ci amana, asarar ba ta tsayawa a kan kuɗin igiya. Wani lokaci ma ba ta tsayawa a kan dabba, takan kai ga shari'a, takan kai ga rai.

Garin nan da muke ciki yana cin igiya fiye da garuruwa da yawa. Kasuwar Malanbil ita ake lissafawa ta biyu a ƙasar Benin bayan Dantokpa ta Kwatano, ga kasuwar dabbobi ta Gene a kudu da mu, ga kogin Kwara a arewa. Tun da aka gina gadar da ta haɗa mu da Gaya a 1958 kaya ke ratsa nan ɗaure a bisa mota. A 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, aka rufe gadar, mutane da kaya suka koma ƙetarewa da kwale-kwale, aikin igiya ya ƙaru a bakin ruwa. Kafin wannan kuma, a watan Disamba na 2019, gwamnatin Benin ta hana shigowar garkunan ƙetare, ta shiga kiran makiyaya su zauna wuri ɗaya. Mai zama wuri ɗaya kuwa maƙwabcin manomi ne. Abin da ke tsakanin saniyarsa da gonar albasa ko fadamar shinkafa sau da yawa turke ne da igiya. Saboda haka maganar ta shafi zaman lafiyarmu.

IGIYOYINMU NA GARGAJIYA

Bari mu fara da abin da muka gada. Iyayenmu ba su san igiyar kanti ba, kuma sun riƙe shanu sun ƙetare koguna da su.

Ta farko ita ce igiyar rama. Tana da taushi a hannu, ba ta yanka wuyan dabba, ƙullinta kuma yana kamawa. Ƙwarinta yana farawa ne tun daga jiƙo. In an bar karan rama cikin ruwa ya wuce kima, zaren yakan yi baƙi, ya yi wari, ya mutu tun ba a tuƙa shi ba. Don haka mai saye ya duba launi: mai kyau tana da haske, fara-fara ko ruwan ƙasa mai tsabta. Ya shinshina, in ya ji warin ruma ya ajiye. Ya zaro zare ɗaya daga bakinta ya ja da yatsu. Zare mai kyau dogo ne, sai an sa ƙarfi yake tsinkewa. In ya zo guntu-guntu yana marmashewa, wannan igiya ta ɗaurin itacen girki ce.

Ta biyu igiyar kaba. Ita ce mai araha, kowane yaro ya iya tuƙa ta. Ta dace da ɗaurin tumaki da awaki, da dabaibayin jaki, da ɗaurin zana. In ta bushe ƙwarai takan yi tauri ta karye a wurin lanƙwasa, shi ya sa ake yayyafa mata ruwa kafin a ƙulla. A lanƙwasa ta biyu a gani. In ta yi ƙara, tsinke-tsinke suka miƙe a wurin, ba ta isa ta riƙe babbar dabba ba.

Akwai ta ɓawon kuka da ta kalgo, waɗanda makiyayi ke samu a daji ba da ko dala ba. Ta kuka in an sarrafa ta da kyau tana da ƙwari. Ta kalgo ta biyan buƙatar yau ce, kada a dogara da ita har gobe.

Sai kiri, igiyar fata, wadda ta fi duk na gargajiya ƙarko in ta sami kulawa. Abincinta mai ne. In an daina shafa mata man shanu ko kitse sai ta bushe ta tsattsage. In ta jiƙe takan saki ta miƙe, in ta bushe ta ƙage. Kare da ɓera suna cin ta, don haka a duba wurin haƙori. Muna da gargaɗi guda a nan, kuma mai nauyi ne: kada a yanka kiri daga fatar dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya. In ciwon saifa ne ya kashe ta, ƙwayar cutar tana zama a cikin fata shekara da shekaru, kuma tana kama mutum.

Abokan gaban waɗannan igiyoyi duka su ne laima da gara. Igiyar da aka naɗe da danshinta aka jefa a lungun bukka, daga ciki take ruɓewa, bayanta yana nan kamar sabo.

IGIYAR ROBA BA IRI ƊAYA BA CE

A kasuwa kowa ce mata yake igiyar roba ko nailan, kamar abu ɗaya ne. Alhali iri uku ne suka fi yawa, halinsu kuma ya bambanta kamar yadda halin jaki da doki da raƙumi ya bambanta.

Iri na farko shi ne nailan na ainihi, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a 1935. Yana da sulɓi da ƙwari sosai, yana nutsewa a ruwa, kuma yana miƙewa kamar danƙo idan aka ja shi. Miƙewar nan tana rage wa dabba zafin fizga, amma a nan haɗarinsa yake, domin ranar da ya tsinke yakan dawo da ƙarfin bulala, ya fasa ido ko ya karya ƙashi. In ya jiƙe kuma ƙarfinsa yana raguwa da kamar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari.

Iri na biyu shi ne wanda masana ke kira folifirofilin, aka fara yin sa a masana'anta a 1957. Shi ne ya cika kasuwanninmu, shuɗi da kore da rawaya da ja, kuma da irin robarsa ake saƙa buhun taki da na shinkafa. Ba shi da nauyi, yana tasowa a kan ruwa, ba ya ruɓewa, gara ba ta cin sa. Amma rana tana kashe shi, zafin gogayya yana narkar da shi tun a ma'aunin zafi kamar 165, ƙullinsa kuma yana zamewa.

Iri na uku shi ne foliyesta. Yana nutsewa kamar nailan, amma ba ya miƙewa da yawa, kuma shi ya fi sauran jure rana da gogayya. Shi ne na ɗaurin kaya a bisa mota ga wanda ya same shi.

Yaya za a rarrabe su ba tare da an iya karatun takarda ba? A yanki guntu kamar tsawon yatsa, a warware shi don iska ta fita, a jefa cikin ƙwaryar ruwa. In ya taso, dangin robar buhu ne. In ya nutse, nailan ne ko foliyesta, sai a ja a gani, mai miƙewa da yawa shi ne nailan. In ana shakkar ko zaren tsiro ne ko roba, a kusanta masa ashana. Zaren tsiro yakan ci wuta ya zama toka da ƙaurin ciyawa. Roba takan narke ta dunƙule.

Akwai kuma igiyoyin da ake tuƙawa daga tsohon buhu ko tsohon gidan sauro. Ba mu raina sana'ar masu yin su, suna biyan buƙata. Sai dai mai saye ya sani buhun nan ya riga ya sha rana kafin a warware shi, don haka igiyar an haife ta da tsufa. Haka tsohuwar igiyar jirgin ruwa da ake kawowa daga Kwatano. Kaurinta yana burge ido, amma masu jirgin ba su rabu da ita ba sai da suka daina amince mata. Araha ba ta ado.

ABIN DA ZA A DUBA KAFIN A BIYA KUƊI

Zuwa da kai ya fi aike. Igiyar da za ta riƙe babbar dabba, mai dabbar ya je da kansa ya zaɓa.

Na farko, a ce wa mai kaya ya kwance naɗin, a bi igiyar da hannu gaba bayan gaba. Kaurinta ya zama ɗaya daga kai har ƙarshe. Inda ta rame, ko ta yi ƙululu, ko aka yi mata haɗi, nan za ta tsinke.

Na biyu, a kama ta da hannu biyu a murɗa ta baya, sililin su buɗe, a leƙa cikinta. Wannan shi ne babban gwaji, ga sabuwa da tsohuwa. Cikin igiya mai lafiya yana da tsabta da sheƙi. In aka ga gari kamar na tsaki yana zuba, ko zare ya kakkarye, to ta mutu daga ciki. In aka sake ta kuma ya kamata ta koma yadda take da kanta. Wadda ta tsaya a buɗe, tufkarta ba ta kamu ba.

Na uku, a kankare ta da farce. In launi ya koɗe, ƙura ta tashi, zare ya karye kamar busasshiyar ciyawa, to rana ta gama da ita tun tana rataye a rumfar mai kaya. Gara a ce a yanko daga cikin naɗi, inda rana ba ta taɓa ba. Baƙar igiya takan fi masu haske jure rana, saboda baƙin da ake zuba wa robar yana kare ta.

Na huɗu, in igiyar saƙaƙƙiya ce mai riga, a duba bakin da aka yanka. Akwai waɗanda rigar ce kawai mai kyau, cikin kuwa an cusa tsumma ko tarkacen zare. Irin wannan ta shanyar tufafi ce.

Na biyar, a auna nauyi a hannu. In ga naɗi biyu, iri ɗaya, kauri ɗaya, tsawo ɗaya, wanda ya fi nauyi shi ya fi zare a ciki. A kuma auna tsawon da gaba ko da mita a gaban mai kaya, don kada a je ruga a tarar ba ta kai ba.

LISSAFIN ƘARFI

Yanzu ga ɗan lissafi, muna roƙon fatake da direbobi su riƙe shi da kyau. Sabuwar igiya mai sili uku, mai kaurin milimita 12, wato kusan ƙaramin yatsan babban mutum, in daga masana'anta ta ƙwarai ta fito, ta folifirofilin tana tsinkewa ne a nauyin kusan tan 2. Ta nailan a kusan tan 3. Ta zaren sisal, wanda ake nomawa a Tanzaniya da Kenya da Barazil, ba ta cika tan 1 ba. Wani zai ce, to ai bijimina kilo 400 ne, ina abin damuwa? Ga inda damuwar take.

Ƙulli kaɗai yana iya cinye har rabin ƙarfin igiya, domin a wurin lanƙwasa zaren waje ne ke ɗaukar nauyi, na ciki yana hutawa. Shi ya sa kullum za ku ga igiya a gindin ƙulli take tsinkewa. Tan 2 ya koma tan 1 ke nan. Rana da yashi su ma sun ɗebi rabonsu. Sa'an nan bijimi ba buhu ba ne da zai zauna inda aka ajiye shi. In ya firgita ya zabura ya kai ƙarshen igiya, fizgar nan takan ninka nauyinsa sau biyu ko uku. Kilo 400 ya haura tan 1, igiya kuwa ta sauko ƙasa da tan 1. Nan suke haɗuwa, nan ake salati.

Saboda haka masu aikin ɗaga kaya a ko'ina cikin duniya suke da ƙa'ida: a raba ƙarfin sabuwar igiya gida 5, kashi ɗaya kawai ake ɗora mata. Mai tan 2 aikinta kilo 400 ne, kuma tana sabuwa. In mutum ne zai rataya a jikinta, kamar mai shiga rijiya yasa ko ciro guga, a raba gida 10, a kuma ɗaura masa igiya ta biyu dabam wadda wasu mutane ke riƙe da ita.

Abu na biyu cikin lissafin shi ne kauri. In kaurin igiya ya ninka biyu, ƙarfinta sau huɗu yake ninkawa. In ya ragu da rabi, kashi ɗaya cikin huɗu ya rage. Wato mai milimita 6 ba rabin mai 12 ba ce, rubu'inta ce. Wannan kuma yana nuna mana cewa igiyar da gogayya ta ɗan zaizaye ta yi asarar ƙarfi fiye da yadda ido ke gani.

Wanda yake son ya gwada da kansa, abu ne mai sauƙi. Buhun siminti kilo 50 ne, jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce. A yanki gaba biyu daga igiyar, a rataya a reshe mai ƙwari da irin ƙullin da za a yi aiki da shi, a ɗora mata ninki biyu na nauyin da ake so ta ɗauka, kada kayan su wuce taƙi ɗaya daga ƙasa. Kowa ya ja baya, kada wani ya tsaya a saitin igiyar. In ta riƙe ba ta rame ba, ba a ji zare na tsinkewa ba, sauran naɗin ya yi. Guntun da aka gwada kuwa a ba yara su ɗaure akuya, ya riga ya gaji.

KOWANE AIKI DA IGIYARSA

Dangwalin maruƙa yana son igiya mai taushi, rama ko auduga. Maraƙi fatarsa ba ta yi ƙwari ba, siririyar roba tana yanka masa wuya, ƙuda ya bi miki ya zuba tsutsa. A riƙa duba madaukan dangwali, domin maraƙi yana girma, madauki ba ya girma.

Wurin turke da talala, kada a yi zarge a wuyan dabba. A yi ƙullin da ba ya shaƙewa, a bar sarari yadda yatsu huɗu za su shiga. A gindin turke kuma madaukin ya zama yana juyawa, don kada dabba ta zagaya ta naɗe kanta. Wanda ya ɗaure kusa da gona ya auna tsawon igiyar tare da wuyan dabbar da miƙewar igiyar, musamman in nailan ce. Rigima da yawa ta tashi a kan gaba ɗaya ta igiya.

Wurin kayar da sa don allura ko fiɗiya ko yanka, a nemi igiya mai kauri mai taushi, doguwa, wadda babu haɗi a jikinta. Siririya tana ƙona tafin hannu, tana ɓata fatar dabba, fata mai tabo kuwa ba ta kuɗi a wurin majema. Muna kuma roƙon iyaye su hana yara naɗa igiya a hannu ko a ƙugu. Sa in ya ɗiba da gudu, yaron da ya naɗa ba ya iya saki.

Masu lodin mota zuwa Faraku da Kwatano, tafiyar nan ta fi kilomita 700 zuwa bakin teku, igiya kuma tana goga ƙarfe a kowane rami na hanya. Duk inda ta bi ta kan kaifin bodi a sa mata tsohon buhu ko guntun taya. A duba ta a kowane zango. Inda aka ga ta yi sheƙi ta yi tauri kamar an shafa mata wuta, narkewa ta yi, ta tashi aiki. Kada a ajiye igiya kusa da batirin mota, ruwan batir yana cin nailan da zaren tsiro ba tare da ya bar wata babbar alama ba.

A nan kwarin kogi rijiya ba ta da zurfi, amma waɗanda suka san arewacin Nijar sun san rijiyoyi masu gaba 30 ko fiye, inda sa ko raƙumi ke jan wasaki. Ku dubi icen bakin irin wannan rijiya, za ku ga igiya ta sassaƙa masa kwari. To yadda take cin ice haka ice ke cin ta. Igiyar rijiya kullum tana jan ƙasa da danshinta, yashi ya shiga tsakanin silili yana yanka ta daga ciki. Dabarar ita ce a riƙa juya ta, kan da ke wajen guga ya koma wajen dabba, a kuma yanke gaba ɗaya ta wajen ƙullin guga lokaci lokaci a sake ƙullawa. Saniya tana shan lita 30 zuwa 40 a ranar zafi. Mai shanu 50 da igiyarsa ta tsinke a watan Afrilu, ba shi da wata a ajiye, shi ya san abin da ya gani.

Sai bakin kogi. Kwara a nan cika biyu take yi, ta damina wajen Agusta da Satumba, da wadda ke isowa daga ƙasar Gini da sanyi. Masu kai shanu tsibirai cin burgu da masu kwale-kwale, igiya mai tasowa ta fi muku, domin ana ganin ta, ba ta kuma maƙalewa a itacen ƙasan ruwa. Amma a kiyaye ta da farfelar inji, a kuma bar wa ƙullinta dogon wutsiya saboda zamewa. Igiyar rama in ta sha ruwa takan kumbura, ƙulli ya ƙi kwancewa. Don haka duk mai jan dabba a ruwa ya riƙe wuƙa mai kaifi a inda hannunsa zai kai nan take, kuma kada a ɗaure dabba a jikin kwale-kwale da ƙullin da ba ya kwancewa da ja ɗaya.

KULAWA DA RANAR RABUWA

Igiya tana daɗewa in an wanke mata yashi da ruwa, an shanya ta a inuwa, an rataye ta sama da ƙasa. A ƙona bakin ta roba kaɗan don kada ta warware, a naɗe bakin ta rama da zare. Wanda ya iya saƙa madauki, wato a warware silili a mayar da su cikin jikin igiyar, ya fi mai ƙulli, domin saƙa tana barin kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙarfin igiya. Masunta da masu jirgi na bakin kogin nan sun iya, a je a koya a wurinsu.

Igiyar da aka dawo da ita daga kasuwa, ko aka kama dabba mai ciwo da ita, a wanke ta da sabulu a shanya kafin ta taɓa garke. Ciwon baki da kofato, wanda muke kira boru, yana bin yawu, yawu kuwa yana bin igiya.

Alamun rabuwa da igiya a fili suke: sili ɗaya ya tsinke, ko gari na zuba daga ciki, ko ta rame a wani wuri, ko ta narke, ko ta taɓa shan fizgar da ta kusa tsinka ta. In an ga ɗaya daga cikinsu a sauke ta zuwa ƙaramin aiki. In ta gama amfani kwata-kwata a tattara ta a kawar da ita daga inda dabbobi suke. Da rani saniya tana haɗiye guntun igiyar roba kamar yadda take haɗiye leda, ya dunƙule a tumbinta, ta yi ta ramewa tana ci ba ta ƙiba. Mahautan da ke nan sun sha fitar da irin wannan dunƙule daga tumbi, su ne shaidunmu.

KIRANMU

Muna kira ga shugabannin kasuwannin dabbobi su tanadi igiyoyin lodi masu kauri na kasuwa, a sa mutum ɗaya ya riƙa duba su kowace ranar kasuwa kafin a fara aiki. Muna kira ga masu sayar da igiya su ajiye kayansu a inuwa, su kuma faɗa wa mai saye gaskiyar irin da suke ba shi. Mai kayan da ya yarda a jefa guntun igiyarsa a ruwa, a murɗa a leƙa cikinta, shi za mu riƙa saye a wurinsa. Muna kira ga dattawa su koya wa samari tuƙa rama da gyaran kiri, don ranar da kasuwa ta yi nisa. Ga kowane mai garke kuma, ya ware rana ɗaya kafin faɗuwar damina da rana ɗaya bayan kaka, ya fito da duk igiyoyinsa ya bi su da hannu ɗaya bayan ɗaya, ya kuma ajiye sabuwa guda wadda ba a taɓa ta sai ranar larura. Rigakafi ya fi magani.

Mun zo da guntayen igiyoyi iri-iri da ƙwaryar ruwa da ashana, suna nan a bakin rumfa. In an tashi, kowa ya zo ya gwada da hannunsa, wanda ya zo da tasa igiyar ma ya kawo a duba tare.

 Allah Ya tsare mana dukiyarmu da 'ya'yanmu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu manoma, Ya mai da kowa gidansa lafiya.